RIP Ba Ta'aziyya Ba: Yadda Rautoci Ke Koya Wa Juna Hanya, Da Yadda Ake Gyara In Sun Rikice

Da yammacin Litinin 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif na kusan awa shida. Duk wanda ke riƙe da babbar waya a ranar zai tuna yadda aka yi: wasu suka yi ta kashe data suna kunnawa, wasu suka dinga zagin kamfanin layinsu, masu sayar da atamfa da turare ta sitatus kuwa ciniki ya tsaya cak. Daga baya kamfanin ya fito da bayani. Injiniyoyinsa suna cikin aikin duba na yau da kullum, sai aka ba da wani umarni da ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa na ajiyar bayanai. Kwamfutocin suna nan lafiya lau, hotunanku ma babu abin da ya taɓa su. Hanyar isa gare su ce ta ɓace daga taswirar intanet, har sai da aka tura ma'aikata cibiyoyin da ƙafarsu kafin abin ya dawo.

Wannan taswira, na'urorin da ake kira rauta ne ke zana ta. Akwai ƙaramar da ke ba ka Wi-Fi a gida, akwai kuma manyan da ke cikin bankuna da jami'o'i da kamfanonin sadarwa. Aikinsu duk ɗaya ne: fakitin bayanai ya iso, rauta ta duba adireshin da ke jikinsa, ta duba jadawalin hanyoyinta, ta ce masa "bi ta nan." In babu hanyar a jadawali, jefar da shi take yi, ba ruwanta da abin da ke ciki.

Matasanmu da yawa sun shiga koyon wannan fanni yanzu, wasu a foliteknik, wasu ta Cisco Networking Academy, wasu kuma a YouTube da datar dare. Kuma darasin da aka saba farawa da shi kan yadda rautoci ke koya wa juna hanya shi ne RIP. A'a, ba wanda kuke rubutawa a ƙasan hoton mamaci ba. Saita shi bai wuce layi biyar ba, ɗan sakandare ma zai haddace cikin minti goma. Sai dai haddar ba ta kawo aiki. Wanda ake nema a biya shi ne wanda zai zauna gaban rautar da ta yi shiru, ba ƙara, ba jan rubutu, ya gano inda abin ya lalace. Yau za mu yi duka biyun, amma a na biyun za mu fi daɗewa.

Mene ne RIP?

Cikakken sunansa Routing Information Protocol, wato ƙa'idar musayar labarin hanyoyi. Tsoho ne sosai. A 1988 Charles Hedrick na Jami'ar Rutgers a Amurka ya rubuta shi a takardar RFC 1058, kuma tun kafin nan ana amfani da shi a kwamfutocin Unix. Lissafin da ke ƙarƙashinsa ya ma girme haka, na Richard Bellman da Lester Ford ne, tun shekarun 1950. Siga ta biyu, wadda za mu yi aiki da ita, an kammala bayaninta a RFC 2453 ta 1998. Akwai kuma RIPng na adireshin IPv6.

RIP na cikin dangin da ake wa laƙabi da "nisa da alƙibla". Abu biyu kacal rauta ke sani game da kowane netwok: nisansa, da kuma maƙwabciyar da za ta miƙa wa fakiti. Ba ta taɓa ganin taswirar gaba ɗaya ba. Abin da maƙwabciyarta ta gaya mata shi take rubutawa, ita ma maƙwabciyar daga wata ta ji. Shi ya sa masu fannin ke cewa RIP da jita-jita yake aiki. Riƙe wannan da kyau, don kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga nan take fitowa.

Ga yadda abin ke gudana. Duk bayan daƙiƙa 30, kowace rauta tana karanto wa maƙwabtanta jadawalinta. Ta ce, "Netwok kaza a jikina yake." Maƙwabciya ta rubuta: zango 1. Ita ma ta gaya wa ta gaba, waccan ta rubuta zango 2. Kowace rautar da fakiti zai ratsa zango ɗaya ce. In labari biyu suka zo kan wuri ɗaya, mai ƙarancin zango ake ɗauka. Iyakar kuwa 15 ce. Da zarar an ce 16, ma'anarsa wurin ba ya zuwuwa.

Ka lura da abin da RIP bai duba ba: gudun hanya. A ce akwai tsohon layi mai jan ƙafa da zai kai ka a zango 1, ga kuma faiba mai gudun gaske a zango 2. RIP zai kwashi kowa ya tura ta tsohon layin. Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, to shi RIP bai san wannan magana ba, gajeriya kawai ya sani ko da duk ramuka ce.

Mu gina namu

Abin da kake buƙata kwamfuta ce da manhajar Packet Tracer, wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga wanda ya yi rajista da Networking Academy. Ba sai ka sayi rauta ko ɗaya ba.

A ce wani kamfani na da ofis uku: Kano, Zariya da Kaduna. Jawo rautoci uku samfurin 2911, don suna da ƙofofi uku-uku. Sa musu sunayen garuruwan, ka jera su yadda suke a hanya, Zariya a tsakiya. Kowace ka ba ta suwic ɗaya da kwamfuta ɗaya. In ka rikice kan irin kebul ɗin da za ka ɗauka, danna alamar walƙiya, manhajar za ta zaɓar maka.

Ga rabon adireshi. Ofishin Kano 192.168.1.0, na Zariya 192.168.2.0, na Kaduna 192.168.3.0, duk da sabnet mask 255.255.255.0. Layin Kano zuwa Zariya 10.0.1.0, layin Zariya zuwa Kaduna 10.0.2.0, su kuma da 255.255.255.252. Wannan mask ɗin na ƙarshe adireshi biyu kawai yake ba ka na amfani, .1 da .2, daidai da bakin layi biyu.

A rautar Kano, fara da ƙofofi:

enable
configure terminal
hostname Kano
interface g0/0
ip address 192.168.1.1 255.255.255.0
no shutdown
interface g0/1
ip address 10.0.1.1 255.255.255.252
no shutdown
exit

Kar ka raina wannan no shutdown ɗin. Ƙofofin rautar Cisco a rufe suke zuwa, sai ka buɗe da kanka. Yanzu sai RIP:

router rip
version 2
no auto-summary
network 192.168.1.0
network 10.0.0.0
passive-interface g0/0

Shi ke nan fa. Amma mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don wanda bai san abin da layi ke yi ba, ba zai gane in babu shi ba.

Layin version 2 yana sa rauta ta aika adireshi tare da mask ɗinsa. Siga ta farko ba ta aika mask, kuma shela take yi wa duk wanda ke kan layi. Ta biyu tana aikawa ne zuwa 224.0.0.9, adireshin da masu RIP kaɗai ke saurara. Dukansu ta UDP lamba 520 suke bi.

Layin no auto-summary yana hana rauta dunƙule ƙananan netwok zuwa babban gidansu. Za mu ga ɓarnar wannan dunƙulewa a ƙasa.

Layin network shi ne wanda mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba inda kake son zuwa kake rubutawa ba. Netwok ɗin da ke jikin rautar kake rubutawa. Abu biyu yake yi: yana buɗe wa RIP baki da kunne a duk ƙofar da adireshinta ya faɗa ciki, sannan yana sa a tallata netwok ɗin ga maƙwabta. Kuma tsohon rabon aji yake bi: ko ka rubuta 10.0.1.0, rauta za ta ajiye shi a matsayin 10.0.0.0. Shi ya sa a Zariya layi ɗaya na network 10.0.0.0 ya wadatar wa ƙofofi biyu.

Layin passive-interface kuma yana hana aika saƙon RIP ta ƙofar da kwamfutocin ma'aikata suke. Babu rauta a can, to wa kake karanta wa jadawali duk rabin minti?

Ka maimaita haka a Zariya da Kaduna, kowace da nata adireshin. Zariya ta ɗauki 10.0.1.2 ta ɓangaren Kano da 10.0.2.1 ta ɓangaren Kaduna, Kaduna ta ɗauki 10.0.2.2. Sannan ka ba kowace kwamfuta adireshi, da getwe, wato adireshin ƙofar rautar ofishinta.

Ta yaya za ka san ya yi?

A Kano rubuta show ip route. Layukan da suka fara da C naka ne, a jikinka suke. Waɗanda suka fara da R su ne RIP ya jiyo maka. Ya kamata ka ga wani abu kamar haka:

R 192.168.3.0/24 [120/2] via 10.0.1.2, 00:00:14, GigabitEthernet0/1

Koyi karanta wannan layi kamar yadda kake karanta alat na banki. Lamba 120 ita ce matsayin amincin RIP a wurin Cisco, kuma a nan ƙaramar lamba ta fi daraja: abin da ke jikin rauta 0 ne, hanyar da ka rubuta da hannu 1, EIGRP 90, OSPF 110. Ka ga RIP ne a baya a cikinsu. Lamba 2 ita ce zango, Zariya sannan Kaduna. Adireshin da ke bayan via shi ne maƙwabciyar da ta kawo labarin. Agogon nan na 00:00:14 yana nufin daƙiƙa 14 ke nan da jin labarin ƙarshe. In komai lafiya, ba ya wuce 30 sosai sai ya koma sifili. In ka ga ya kai minti ɗaya yana ta hawa, maƙwabciya ta yi shiru, ko da hanyar tana nan a jadawali.

Sai ka yi ping daga kwamfutar Kano zuwa ta Kaduna. In na farko ya faɗi sauran suka wuce, kar ka damu, na'urorin ne ke neman adireshin juna a karon farko.

To in ya ƙi fa?

A nan ake gane wanda ya iya. Abin da sabon shiga ke yi shi ne ya goge komai ya sake daga farko. Wani lokaci hakan na gyarawa, amma bai koyi komai ba, kuma a wurin aiki ba wanda zai bar ka ka goge rautar kamfani da rana tsaka. Tunda RIP da labarin maƙwabta yake rayuwa, tambayoyin da za ka yi su ne irin waɗanda ake yi in saƙo ya maƙale a unguwa: shin akwai hanya tsakanin gidajen? Mai labarin ya yi magana? Mai saurare ya ji, kuma ya yarda? Bi su a jere, daga ƙasa zuwa sama.

Na farko, ƙofa. Rubuta show ip interface brief. Kowace ƙofar da kake amfani da ita ya kamata ta nuna up sau biyu. In ka ga administratively down, ba a buɗe ta ba. In down ce kawai, duba kebul ko ƙofar ɗaya ɓangaren. Daga nan ka yi ping zuwa maƙwabciya. In Kano ba ta iya taɓa 10.0.1.2 ba, kar ma ka ɓata lokaci kan RIP. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a ba Zariya 10.0.1.5 a maimakon .2. A ido kamar gida ɗaya suke, amma da mask 252, lamba 5 ta faɗa rukuni na gaba. Rauta kuwa ba ta karɓar labarin RIP daga wanda adireshinsa ba na layinsu ba ne.

Na biyu, layin network da aka manta. Wannan yana da wayo. A ce a Kano ka manta network 192.168.1.0. Ka duba jadawalin Kano, komai ras, ga Zariya ga Kaduna. Amma ping daga kwamfutar Kano ya ƙi. Me ya faru? Fakitin ya isa Kaduna lafiya lau. Amsar ce ta rasa hanyar dawowa, don ba wanda ya taɓa gaya wa Kaduna cewa akwai wani wuri wai shi 192.168.1.0. Ping tafiya ce ta zuwa da dawowa. Don haka duk lokacin da ka duba jadawalin wannan ɓangare, je ka duba na wancan ma.

Na uku, saɓanin siga. A ce a Zariya ka manta version 2. Rautar Cisco da ba a gaya wa siga ba tana aikawa da ta farko, amma tana karɓar duka biyu. Wadda aka ce wa version 2 kuwa ta biyu kawai take ji. Sakamakon: Zariya ta san kowa, jadawalinta cike, amma Kano da Kaduna sun toshe kunne daga gare ta. Tunda ita ce a tsakiya, Kano ba za ta taɓa jin labarin Kaduna ba. Umarnin show ip protocols zai nuna maka sigar da kowace ƙofa ke aikawa da wadda take karɓa, da netwok ɗin da ake tallatawa, da maƙwabtan da aka ji daga gare su. In umarni ɗaya za ka riƙe a wannan darasi, riƙe wannan.

Na huɗu, passive-interface a ƙofar da ba ita ba. Hannu ya zame ka rubuta g0/1 a maimakon g0/0. A RIP, ƙofar da aka yi wa haka tana ci gaba da saurare, magana ce kawai ta daina. Alamar iri ɗaya ce da ta baya: ɓangare ɗaya ya san komai, ɗayan bai san komai ba. Duk inda ka ga sani ya zama na gefe ɗaya, zargi siga ko wannan.

Na biyar, dunƙulewar adireshi. Canza ofishin Kano zuwa 172.16.1.0, na Kaduna zuwa 172.16.3.0, ka gyara layukan network, sannan ka kunna auto-summary a duka biyun. Kowace za ta ce wa Zariya, "172.16.0.0 gaba ɗaya a wurina yake, zango 1." Zariya ta ji magana ɗaya daga bakin mutum biyu, ta yarda da dukansu, ta fara raba fakiti: wannan dama, wannan hagu. Ka yi ping daga Zariya, wani ya wuce, wani ya faɗi. Irin wannan ce ke sa mutum ya yi ta canza kebul yana zargin na'ura, alhali layi ɗaya ne ya rage.

Na shida, kwamfutar kanta. In rauta zuwa rauta ping na tafiya, kwamfuta zuwa kwamfuta ya ƙi, duba getwe. Wallahi wannan ya cinye wa ɗalibai awanni fiye da duk sauran.

In duk ka bi waɗannan ba ka gano ba, sai ka kasa kunne ka ji hirar da kanta da debug ip rip. Za ka ga abin da rauta ke aikawa, ta wace ƙofa, da abin da take karɓa. In tana watsi da saƙo, za ta faɗi dalili: illegal version na nufin saɓanin siga, bad source na nufin adireshin mai aikowa ba na layin ba ne. In ba ka ga saƙo yana shigowa ba sam, alhali maƙwabciya na aikawa, duba ko akwai dokar tace fakiti da ta toshe UDP 520. Da ka gama, rubuta undebug all. A rautar da ke aiki da gaske, barin debug a kunne yana cin ƙarfinta.

Sai abu na ƙarshe, wanda mu nan muka fi kowa buƙata: copy running-config startup-config. Duk abin da ka rubuta a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake. In aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, ba ka adana ba, aikin ya tafi.

Lokacin da jita-jita ta dawo wa mai ita

Akwai wata matsala da take cikin jinin tsarin, ba daga kuskuren kowa ba. A ce netwok ɗin ofishin Kaduna ya mutu. Rautar Kaduna ta goge shi. Kafin ta sanar, sai Zariya ta karanto jadawalinta: "Ina da hanyar 192.168.3.0." Kaduna ta ce madalla, ashe akwai wata hanya, ta rubuta zango 2 ta Zariya. Ba ta san labarinta ne ya dawo mata ba. Sai ta gaya wa Zariya, Zariya ta gyara zuwa 3, Kaduna ta mayar 4, haka dai suna ta ƙara wa juna, fakiti kuma na kai-kawo a tsakaninsu har wa'adinsa ya ƙare. Wannan ne dalilin iyakar 15. Ba don an tsayar a 16 ba, da ƙirgen ba zai ƙare ba.

Masu tsarin sun sa wasu matakan rigakafi. Na ɗaya, rauta ba ta mayar da labarin hanya ta ƙofar da ta ji shi, wato Zariya ba za ta ba Kaduna labarin Kaduna ba. A Cisco sunansa split horizon, kuma a kunne yake zuwa a irin waɗannan ƙofofi. Na biyu, in hanya ta mutu, ba shiru ake yi ba, ana tallata ta da zango 16, kamar a ce an sa mata guba don kowa ya guje ta. Na uku, wannan sanarwa ba ta jiran daƙiƙa 30, nan take ake aika ta. Na huɗu, bayan labarin mutuwar hanya, rautar Cisco tana zaman dakatawa na daƙiƙa 180, ba ta saurin yarda da sabon labari kan wurin.

Duk da haka RIP na da nawa. In maƙwabciya ta mutu shiru, layin kuma bai nuna ya yanke ba, sai an yi daƙiƙa 180 ba a ji ta ba kafin a ɗauki hanyoyinta a matsayin matattu, sai a daƙiƙa 240 a goge su. Minti uku ke nan ana zuba fakiti a rami. Ka yi tunanin minti uku a banki ranar biyan albashi.

To me ya sa za mu koya?

Tambaya ce mai kyau. Manyan kamfanoni sun koma OSPF da makamantansa, kuma tun Fabrairun 2020 da Cisco ta fito da jarrabawar CCNA mai lamba 200-301, OSPF ake tambayar saitawa. Har yanzu dai za ka iya cin karo da RIP a ƙananan wurare da tsofaffin na'urori. Amma babban amfaninsa shi ne a nan ne za ka ga komai a fili: netwok ƙarami, saƙonni masu sauƙin karantawa, kuskure kuma ka bi sawunsa da idonka. Jadawalin hanyoyi, matsayin aminci, hanyar dawowa, da bin matsala daga ƙofa zuwa sama, duk da su za ka shiga OSPF.

Kuma wannan hali na yarda da maganar maƙwabci bai tsaya a RIP ba. BGP, tsarin da ke haɗa manyan kamfanonin intanet na duniya, shi ma abin da maƙwabci ya faɗa yake ɗauka ya miƙa gaba, sai dai yana rubuta jerin duk waɗanda labarin ya ratsa. A ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne da ke Legas ya yi kuskuren saiti lokacin wani aikin haɓaka netwok, hanyoyin Google suka fita ta inda bai kamata ba. Wani kamfani a Chaina ya karɓa ya miƙa gaba, wani a Rasha ma ya karɓa, sai ga zirga-zirgar masu neman Google a wasu ƙasashe ta karkata. MainOne ya amsa cewa kuskure ne, kuma an gyara cikin minti 74. Ka ga irin abin da ya faru tsakanin Zariya da Kaduna a kwamfutarka ne, sai dai a faɗin duniya.

Shi ya sa tsaro ya shigo ciki. Siga ta farko ta RIP ba ta tambayar kowa shaida: duk wanda ya jona na'ura ya ce "ina da hanya", za a rubuta. Ta biyu tana ba da damar sa kalmar sirri tsakanin maƙwabta. Ka tuna passive-interface baki kawai yake rufewa, bai rufe kunne ba, don haka bai isa ya kare ka daga wanda ya jona tasa rautar a ofis ba.

Aikin wannan mako

Gina Kano, Zariya da Kaduna har ping ya wuce daga farko zuwa ƙarshe, ka adana fayil ɗin. Sannan ka tura wa aboki ko ƙawar da kuke koyo tare, a lalata abu ɗaya a ɓoye a dawo maka da shi, kai ma ka yi wa nasu haka. Doka ɗaya ce: ba a duba show running-config sai an faɗi abin da ake zargi da dalilinsa. Yi amfani da jadawali, da show ip protocols, da debug. Samu ɗan littafi kana rubuta alamar da ka gani, da abin da ka zata, da abin da ya tabbata. Bayan zagaye goma, ka gwada cire split horizon a layin Zariya da Kaduna da no ip split-horizon, ka kunna debug, ka ga yadda kowace ke mayar wa 'yar uwarta labarinta.

'Yan mata, wannan fanni ba na maza kaɗai ba ne, kwamfuta da haƙuri kawai yake buƙata. Wanda kuma ba shi da kwamfuta, a haɗu biyu ko uku a kan ɗaya, dama aikin na mutum biyu ne.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu cire RIP daga waɗannan rautoci uku mu sa OSPF, mu ƙara layi kai tsaye daga Kano zuwa Kaduna, mu ga wace hanya zai zaɓa.